Mai Ɗaurin Sama

Adjamé Mairie ba wurin ɗaga kai sama ba ne. Wanda ya san unguwar, idonsa na ƙasa yana kauce wa kwata da kayan 'yan tebur, hannunsa ɗaya a kan aljihu, kunnensa kuma na wajen motar gbakar da ke tahowa ta bayansa, yaron mota rataye a ƙofa yana kiran Abobo ko Yopougon. Ko Forum ka nufa, ko babban masallaci, ko Black Market, haka za ka bi titin Nangui Abrogoua kafaɗa na gugar kafaɗa. Shi ya sa mutum zai daɗe yana ratsa wurin bai taɓa lura akwai masu neman abinci a saman kansa ba. A lungunan da manyan motoci ke fakewa, can bisa tulin kaya, za ka hango mutum tsaye ba takalmi, igiya a hannu, yana daka wa na ƙasa tsawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, cikin waɗannan mutane yake, kuma a zamaninsa ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Mutumin Bouza ne, cikin duwatsun Adar, inda yaro ke koyon hawa tun yana bin awaki. Yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, ita ta fito da shi daga gida yana ɗan saurayi. Treichville ya fara sauka, wurin 'yan garinmu masu dako a kusa da tashar jiragen ruwa, daga baya ya hauro Adjamé. Ya ga ƙarshen zamanin Houphouët-Boigny, ya biya kuɗin katin zama da aka ɗora wa baƙi a farkon shekarun 1990, ya ga karyewar sefa a Janairun 1994, ya kulle kansa a ɗaki lokacin harbe-harben 2011. Ni sai bayan wannan ƙura ta lafa na iske shi, da 'yar takardar makarantata, ya roƙar mini aikin rubuta kaya a wurin wani Alhaji mai motoci.

Motocin suna saukowa ne da albasar Galmi, buhu ɗaya ya haura kilo 100. In za su koma, sai a cika su da abin da kurmi ke bayarwa da abin da 'yan ci-rani suka tara: huhunan goro daga Anyama, jarkokin manja, sabulu, robobi, kwanon rufi, katifu, kekuna, akwatunan ƙarfe masu kwaɗo biyu. Daga nan mota za ta kama hanyar Yamoussoukro da Bouaké da Ferkessédougou, ta shiga Burkina ta Bobo da Wagadugu da Fada, ta faɗa Yamai, kafin ta ga Tawa ta ci sama da kilomita 2,000. Duk ramin da ke wannan hanya, da duk birkin da direba zai taka, kan ɗaurin mutum ɗaya yake ƙarewa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin ƙarfi ne kawai. Masu ƙarfi suna ƙasa, su ke cicciɓa su miƙa. Na sama shi ke gini. Kawu yakan zagaya kayan tukuna, hannu a baya, bai ce uffan ba, yana taɓa wannan da ƙafa, yana ɗaga gefen wancan. Kafin ya hau ya riga ya gama lodin a kansa. Mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, daidai kan ƙafafun motar. Goro ba ya son danniya kuma ba ya son zafi, sai a bar masa inda iska za ta ratsa. Manja ba ya kwana a saman katifar amarya. In lodin ya wuce bodi, sai ya riƙa jan kowane layi ciki kaɗan, yadda tulin zai riƙe kansa ko da igiya ta saki. Sannan a ja tamfol, a zo ga ɗauri. Yana da wani ƙulli da yake yi a tsakiyar igiya, ya zura bakinta ta ƙugiyar bodi ya dawo da shi ta cikin ƙullin, ya taka da ƙafa ya ja da dukan jikinsa, har igiyar ta yi ƙara in ka ɗana ta. Direbobin Tawa da Madawa sukan yarda su kwana biyu a Adjamé don dai shi ya ɗaure musu. Akwai dokar UEMOA ta 2005 da ta ƙayyade nauyi da tsayin lodi, amma a lungunmu idon Kawu da kwaɗayin mai mota su ke ja-in-ja, kuma ba kullum Kawu ke cin nasara ba.

Lokacin da aikinmu ya fi yawa shi ne lokacin da ya fi haɗari. 'Yan ci-rani na gaggawar komawa gida kafin shuka, daga Mayu zuwa Yuni, daidai lokacin da ruwan Abidjan ke sauka ba ƙaƙƙautawa. Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi. Lodin ya kai tsayin da ba a so, tamfol ya jiƙe yana sheƙi, fasinjoji na ta gunaguni. Ina zaune a kan benci da littafina, na ji ya ce a miƙo masa igiyar baya. Tsohuwa ce, ya sha faɗa a kanta. Ya taka, ya ja, ta tsinke. Ban ga faɗuwar duka ba, ƙarshenta na gani: ya dira a kan dugadugansa, ya zauna daɓas, sannan ya kwanta rigingine a cikin taɓo, idonsa buɗe, bakinsa buɗe, numfashi ya ƙi fita.

Nan take aka yi kansa. Wani ya kama hannu, wani ƙafa, ana cewa a tashe shi zaune, a yayyafa masa ruwa, a tsayar da taksi. Wani tsohon direba Bamoshe, wanda ya ga irin wannan a hanya ba sau ɗaya ba, shi ya ratso yana ture mutane, yana faɗa da Julanci da Hausarsa ta tasha cewa duk wanda ya naɗe mutumin nan ya kashe masa ƙafafu. Ya durƙusa ya ce, "Maigida, motsa yatsun ƙafarka in gani." Suka motsa. Ya tsunkule shi a cinya, Kawu ya zage shi. Tsohon ya yi dariya ya ce alhamdu lillahi. Aka ɓalle ƙyauren wani shago, aka mirgina shi a kai gaba ɗaya, kai da ƙugu a layi ɗaya, aka ɗaure shi da rawani da ragowar igiyar da ta kayar da shi. A kan ƙyauren nan ya haye gadar De Gaulle zuwa asibiti a Treichville.

Likitan da ya duba hoton ya ɗaga shi a gaban fitila ya ƙirga mana da bakin biro. Gaɓoɓi 12 ne ke riƙe da haƙarƙari, 5 na ƙugu suna ƙarƙashinsu, kuma a mahaɗar nan, inda baya mai tauri ya gamu da baya mai lanƙwasa, nan ne ƙarfin faɗuwa ke taruwa in mutum ya dira a tsaye ko a zaune. Gaɓar farko ta ƙugu ce ta lotsa ta gaba, kamar gwangwanin madara da aka taka gefe ɗaya. Ta baya, inda laka ke wucewa, ba abin da ya taɓa. Ya ce ba sai an yi aiki ba, amma zai sa rigar roba mai tauri daga ƙirji zuwa ƙugu har wata uku, ba sunkuyo, ba ɗaukar ko buta cike. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya riƙe ko ya zubo ba da saninsa ba, a dawo da shi ko da tsakar dare ne.

Ɗan lodi ba shi da takardar aiki, sunansa ba ya cikin rajistar ma'aikata ta CNPS, kuma inshorar lafiya ta kowa da kowa, CMU, wadda ake biyan jikka ɗaya a wata, sai 2019 ta fara aiki. Asusun 'yan garinmu ne ya ɗauki nauyin. Bayan sallar Juma'a aka shimfiɗa ɗankwali, mai sayar da abincin garba ya kawo, mai shayi ya kawo, mai gadi ya kawo, mai jikka ɗaya da mai jikka goma. Mai motar da igiyarsa ta tsinke ya aiko da abin da ya aiko, ba zan faɗi nawa ba ne don kada in ɓata bakina. An kuma kawo wani maɗori da ya ce zai ja bayan ya mayar da ƙashin wurinsa. Ba na raina ɗori, na ga hannu da ƙafa da ya gyara, amma Kawu da kansa ya ce, "Malam, a hannu in ka kuskure sai a karya a sake. A nan fa?" Ya karɓi man shafawa, ya yi godiya, ya sallame shi.

Ciwon bai ba ni tsoro ba kamar zaman. Ɗaki ɗaya muke, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, kuma mutumin da ya saba ganin rufin Adjamé duka daga sama ya koma kallon silin. Ni ke kai masa ruwa, ni ke kama shi zuwa bayan gida, yana kawar da kai don kada mu haɗa ido. Sallah a kwance, daga baya a kan kujera. Ya hana a faɗa wa iyalinsa a Bouza. In matarsa Inna ta bugo waya sai ya gyara murya ya ce aiki ne ya yi ƙasa, ruwa ya hana lodi.

Masu dubiya kuwa kowa da fatawarsa. Kashi na farko su ne masu cewa Allah ya nuna maka ishara, ka bar hawa. Liman ya faɗa, Alhaji ya faɗa, 'yan uwa da suka ji labari daga Kumasi da Legas suka faɗa. Ka koma gida ka yi noma. Ka kafa teburin shayi. Ga wani Balabanon a Marcory yana neman mai gadi. Na lura babu wanda ya zo da jarin shayin a hannunsa, kuma wanda ya ce a koma noma a Adar da karyayyen baya bai taɓa riƙe hauya a ƙasar dutse ba. Kashi na biyu abokan aikinsa ne, su kuma cewa suke abin da aka rubuta ba ya wuce ranarsa, wanda zai faɗi ko daga kan tabarma ya faɗi, ya cire rigar robar nan ya zo a ci gaba. Ɗaya daga cikinsu ya zaro katin tramol daga aljihu ya ajiye masa a gefen matashi, ya ce biyu da safe cikin kofi, ba zai ƙara jin yana da baya ba. Wannan ƙwaya ta ci 'yan lodi da 'yan wotro, masu tura amalanke, da yawa a Adjamé. Tana kashe ciwo, amma ciwon shi ne ke gaya wa mutum ya tsaya. Kawu ya bar katin nan inda aka ajiye shi, kwanaki yana kallonsa, ni ma ina kallonsa, kafin wata safiya ya ce in kai masai.

Da aka cire rigar, Alhaji ya yi masa abin da yake ganin alheri ne: ya ba shi kujera kusa da tawa, ya riƙa karɓar kuɗin kaya. Ba a taɓa yin mai karɓar kuɗi mai ɓacin rai irinsa ba. Fasinja na gabansa da kuɗi a hannu, shi idonsa na kan yaran da ke sama. "Kai! Wa ya ce ka sa jarka a can? Ja ciki! Ja ciki, ɗan nema!" Ya rame, ya daina wasa da masu tallan garba, ya daina zuwa hira. Mu duka mun ɗauka kuɗi ne ke damunsa, don abin da ake ba shi a kujera bai kai rabin na sama ba. Rannan wata mota da yaran suka ɗaura ta juyo daga wajen Toumodi, lodi ya karkace gefe ɗaya, huhunan goro sun murƙushe, direba na rantsuwa. Da daddare, muna kwance fitila a kashe, ya ce da ni, "Ɗan nan, kai in aka karɓe biron nan aka ce ka riƙa share tasha, za a ba ka kuɗinka daidai, ka yarda?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "To."

Wanda ya warware mana zancen ba malami ba ne, ba ɗan uwa ba ne. Wani matashi ne mai gashin ƙashi, ɗan ƙasar Man, can yamma inda duwatsu suke, wanda Kawu ke zuwa wurinsa motsa jiki. Ni ke yi musu tafinta, don Faransancin Kawu na tasha ne. Kowa na ce wa Kawu hau ko kada ka hau, shi wannan tambaya ya yi: in ka hau, me kake yi daidai? Ya sa Kawu ya kwatanta masa da tawul, yadda yake karɓar buhu daga ƙasa, yadda yake juyawa da shi, yadda yake taka igiya. Ya ce hawan kansa ba shi ne abokin gaba ba. Ƙashin ya haɗe, ko da yake ba zai koma tsayinsa na da ba, kuma baya da aka bari ba motsi naman da ke riƙe da shi ne ke mutuwa. Abu biyu ne ba zai ƙara jurewa ba: a sunkuya a karɓi kilo 100 a murɗa ƙugu da shi, da kuma faɗuwa ta biyu.

Ya ba mu labarin Turawan da ke zuwa garinsu hawan dutsen da ake kira Haƙorin Man, da waɗanda a da suke zuwa Hombori a Mali don Hannun Fatima, ba don kuɗi ba, don sha'awa kawai. Ya ce a cikin masu wannan wasa akwai waɗanda suka karya baya suka koma, amma da sharaɗi: sai likita ya sallame su, su fara da ƙaramin hawa, su bar irin wanda ake dirowa ƙasa, kuma ɗamara na ƙugunsu, igiya na riƙe da su. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce in tambaye shi, su waɗannan mutane ba wanda ya aike su? Na tambaya, aka ce babu. Ya girgiza kai ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Amma a hanyar komawa, cikin bas ɗin SOTRA, sai ya ce, "Ka ga, su ma sun san abin da ke can sama."

Ni dai ra'ayina, masu cewa ya bari sun fi masu tramol gaskiya, amma tausayinsu mai arha ne. Sun ƙirga abin da faɗuwa za ta ci, ba su ƙirga abin da kujera ke ci ba, alhali a gabansu take cinye shi. Mutumin da ya kai shekara talatin yana gwanintar abu ɗaya, in ka ce ya bari, sai ka zo masa da wurin da zai kai gwanintar.

Sharuɗɗan da ya kai wa Alhaji guda huɗu ne, kuma a tsaye ya faɗe su. Ba zai ƙara karɓar kaya ba, yara biyu za su hau tare da shi su yi cicciɓa, shi ya nuna wuri ya yi ɗauri. Ba ya hawa kan jiƙaƙƙen tamfol, ko fasinja za su yi kuka. Igiya shi zai saya da hannunsa a kasuwa, a cire a kuɗin mota. Sannan zai sa ɗamara. Alhaji ya yarda da uku nan take, ya rage masa lada saboda yaran, ya ce ta huɗun kuma ruwansa. Ɗamarar irin ta masu aikin gini ce, ta hannu, muka samo a wajen masu gwanjo. Ya miƙa igiya mai kauri daga ƙarfen gaban bodi zuwa na baya, ta bi ta tsakiyar lodi, ya maƙala gajeruwar igiyar ƙugunsa a jiki, yadda in ya zame zai tsaya a gefen kaya bai kai ƙasa ba.

Ranar da ya fara komawa, lungun ya cika. Ya kama tsanin bodi, ya taka biyu, ya tsaya. Na ga ƙafar wandonsa na rawa. Ya sauko, ya ce a ba shi ruwa, ya sha, ya zauna ya yi shiru, ba wanda ya yi magana sai wani yaro da ya fara dariya aka make shi. Sai bayan la'asar, da mutane suka watse, ya hau. Bai miƙe tsaye a sama ba ran nan, da gwiwa ya yi ɗaurin duka. Da dare na gasa masa bayan da ruwan zafi, yana nishi yana lissafa mini kurakuran da ya gani a lodin yaran.

An yi masa ba'a ba kaɗan ba. Suna ce masa akuyar Alhaji, wai an ɗaure ta kada ta ɓata. Tsofaffin abokansa ba wanda ya sa ɗamara, har wanda ya faɗo daga baya ya karye a ƙugu. Cikin yaran da ya koyar ne mutum biyu suka ɗauka, ɗaya ma sai in Kawu na kallo. Ciwon bai rabu da shi ba. In hadari ya haɗo shi ke fara sani, kuma akwai ranakun da yakan zo ya dubi mota ya ce yau ba ni ba ne, ya koma gida ba ko dala. Wannan ya fi komai yi masa wuya, ya koye shi dai.

Abin da ya saukar da shi daga ƙarshe ba bayan ba ne. Hanyar Fada ta lalace da 'yan bindiga, sannan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar ya zo da takunkumi da rufe iyakoki, motocin lungunmu suka ragu har aka wayi gari masu ɗauri sun fi lodi yawa. A 2024 hukumar birnin Abidjan ta hana wotro, waɗanda suka rasa sama suka koma tura kaya su ma aka kore su daga manyan tituna. Kawu ya bar wa yaron da ya fi yarda da shi ɗamarar, ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya tafi Bouza.

Muna waya. A makon jiya ya kira ni yana faɗa, wai ya je kasuwa ya ga yadda ake lodin albasa, ba a san ƙulli ba, sai tulin igiya, ya yi musu magana sun ce tsoho ya matsa. Ya ce in na samu mai zuwa in aiko masa da bel ɗin baya na farmasi, na wurinsa ya saki, kuma in sayi wanda ya fi na da girma, don Inna ta sa shi gaba da tuwo.